Waken Suya Ya Jira Jariri Ya Cika Wata Shida

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai yin awara ya san yadda aikin yake tafiya. An jiƙa waken suya tun dare, an kai markaɗe da safe, an tace a ƙyalle mai laushi, an ɗora tukunya a wuta. Kafin a zuba ruwan tsami abin ya dunƙule, akwai ɗan lokacin da abin da ke cikin tukunyar yake fari tas, yana kumfa yana tururi, ido ba ya iya raba shi da madarar shanu. Daga nan wata shawara take tasowa, wadda ake ji a bakin mutane ake kuma turawa a WhatsApp: tunda madarar gwangwani ta fi ƙarfin talaka, kuma an ce waken suya na gina jiki kamar nama, me zai hana a ɗebi wannan farin ruwa a ba jaririn da nono bai ishe shi ba, ko wanda uwarsa ta rasu? Masu ɗan hali kuma, ma'aikata da ƴan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Tanut da Damagaram da Kano, tasu shawarar daban ce. Jariri ya yi zawo ko kumburin ciki, sai wani ya ce madarar shanu ce ba ta karɓe shi ba, a nemo masa ta gwangwani wadda aka yi da waken suya. Matsayina a kan duka biyun ɗaya ne. A ƙasar Damargu ta Nijar, daga Bakin Birji zuwa Belbeji, waken suya ba abincin jaririn da bai cika wata shida ba ne, sai in likita ne ya rubuta shi saboda cutar da ya tabbatar. Bayan wata shida kuwa, yana cikin abubuwa mafi amfani da za a iya zuba wa yaro a kunu.

A fara da ta gwangwani, domin tarihinta shi ne hujja mafi ƙarfi a kan ta tukunya. A shekarar 1929 wasu likitoci biyu a Amurka, Hill da Stuart, suka fito da haɗin garin waken suya domin jariran da madarar shanu take sa wa ƙuraje da borin jini. Shekaru talatin bayan haka aka fara ganin jarirai masu shan irin wannan haɗi suna fitar da maƙoƙo, sai aka gane dole a ƙara masa aidin. A shekarun 1960 kamfanoni suka bar amfani da garin waken gaba ɗaya, suka koma tace furotin ɗinsa kaɗai, su zubar da sauran, sa'an nan su gina madarar daga tushe: su zuba man girki iri-iri, da sukari, da kalsiyam, da sinadarin ƙarfe, da zinki, da bitamin kala-kala, da wani ɓangare na furotin da waken yake da ƙarancinsa. Duk da wannan taka-tsantsan, a 1979 aka gano wani kamfani a Amurka mai suna Syntex ya rage gishirin da ke cikin madararsa ta waken suya, jarirai da yawa suka daina girma suka kwanta ciwo, abin da ya sa majalisar ƙasar ta kafa dokar madarar jarirai a 1980. A ƙarshen 2003 kuma, a Isra'ila, madarar waken suya ta Remedia, wadda aka haɗa a Jamus, ta shiga kasuwa babu bitamin B1 a cikinta. Wasu jarirai suka mutu, wasu suka rayu da lalacewar ƙwaƙwalwa. Abu ɗaya tak aka manta a cikin abubuwa kusan talatin, a masana'antar da ke da ɗakin gwaji da ƙwararru. Jariri ɗan wata biyu ba ya cin komai ban da abin da aka ɗura masa, saboda haka duk abin da babu a ciki, babu shi ke nan a jikinsa.

To, ina ga ruwan da aka tace a tsakar gida? Kama da wane dai ba ta wane. Nonon uwa yana da mai kusan giram 4 a kowane mililita 100, kuma rabin ƙarfin da jariri yake samu daga wannan man yake fitowa. Ruwan waken suya na gida bai cika kai rabin wannan ba, ƙarfinsa gaba ɗaya ya gaza na nono nesa ba kusa ba, kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, bitamin B12 kuwa babu shi sam. Abin da ake yabonsa da shi, wato yawan furotin, a nan ba abin yabo ba ne. Nonon ɗan Adam furotin ɗinsa kusan kashi 1 cikin 100 ne, wanda ba ya wahalar da ƙodar jariri, ruwan waken kuwa yana iya ninka wannan sau biyu ko uku. Ga shi kuma yana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ƙarfe da zinki a hanji ya hana jiki tsotse su. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Likitoci a Atlanta ta Amurka sun bayyana a 2001 yadda suka karɓi yaron da ƙasusuwansa suka lanƙwashe saboda an raine shi da abin shan waken suya na manya, da wani da ya kumbura da tamowa saboda ruwan shinkafa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa ta yi gargaɗi a 2013 cewa kada a maye gurbin nono ko madarar jarirai da irin waɗannan abubuwan sha ga yaron da bai shekara ba, bayan an kwantar da jarirai a asibiti saboda su. Waɗannan yara ne da ke da asibiti kusa da gida da ruwan famfo a ɗaki. Jaririn da ke wani ƙauye na Tarka ko Tenhiya ba shi da ko ɗaya.

Ita kuwa ta gwangwani ta zamani, wadda aka haɗa bisa ƙa'ida, gaskiyarta ita ce ba guba ba ce, kuma bai kamata a faɗi abin da bincike bai faɗa ba. Jariran da aka haifa da cikakken wata suna girma daidai a kanta, tsawo da nauyi. Inda gardama take shi ne wasu sinadarai na waken da ake kira isoflabon, waɗanda suke ɗan kama da sinadarin jikin mace. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 1997 ya nuna jaririn da ke shan wannan madara kaɗai yana samun isoflabon, gwargwadon nauyin jikinsa, ninki 6 zuwa 11 na abin da yake iya taɓa al'adar babbar mace. Wannan ya tayar da hankali, kuma ya cancanci ya tayar. Amma da aka bibiyi mutane 811 a Amurka, waɗanda aka san abin da suka sha suna jarirai, aka tambaye su bayan sun kai shekara 20 zuwa 34, binciken da aka buga a 2001 bai sami bambanci a balaga ko haihuwa ba, in ban da cewa matan da suka sha ta waken suya al'adarsu takan ɗan fi tsawo da ciwo. A 2010 hukumar Amurka mai nazarin illar sinadarai ta yanke cewa damuwar da ke akwai ƙarama ce. Ƙarama, ba babu ba. Shi ya sa ƙasashen da suka fi kowa sanin wannan madara suka taƙaita ta. Babban jami'in lafiya na Ingila ya ce a 2004 kada a ba jariri ita sai da shawarar likita. Likitocin cikin yara na Turai sun ce a 2006 kada a yi amfani da ita ga mai borin madarar shanu kafin wata shida. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2008 ba ta dace da bakwaini ba domin tana raunana masa ƙashi, ba ta maganin kukan ciwon ciki, ba ta hana borin jini, kuma a cikin jarirai masu borin madarar shanu, kashi 10 zuwa 14 cikin 100 za su yi borin waken suya ma. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Wa ya rage, ashe? Jaririn da aka haifa da cutar galaktosemiya, wanda hantarsa ba ta iya sarrafa sukarin da ke cikin kowace irin madara har da nonon uwarsa, da wanda aka haifa hanjinsa ba ya narkar da wannan sukari tun ranar farko, da kuma iyalan da aƙidarsu ta hana su duk abin da ya fito daga dabba. Kashi na ƙarshe babu su a ƙasar da arzikinta raƙumi ne da akuya. Na biyu cuta ce da ba a cika gani ba a duniya, an fi saninta a Finlan. Ta farkon kuwa, a ƙasashen da suke gwada duk jaririn da aka haifa, ana samun ɗaya ne a cikin 30,000 zuwa 60,000. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Tanut mutum kusan 430,000, Belbeji kuma, wadda ta zama gunduma a 2011, kusan 96,000. A yawan haihuwa irin na Nijar, wannan yana nufin jarirai sama da 20,000 a shekara. Ko da an ninka yawan cutar sau biyu ko uku, jariran da rayuwarsu ta rataya a kan madarar waken suya a duk faɗin Damargu ba za su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya a shekara ba. Ga waɗannan ƴan ƙalilan, madarar magani ce mai ceton rai, kuma haƙƙinsu ne a same ta. Sai dai ba mai kanti ne zai gane su ba, ba kuma maƙwabciya ba. Jariri ne da zai yi shawara idonsa ya yi ɗorawa, yana amai, hantarsa ta kumbura a makonnin farko, kuma wurinsa asibiti ne.

Akwai wata hujja da ake kawowa wadda ta fi waɗannan shiga kunne, domin tana da ƙamshin ilimi. Ana cewa ai yawancin baƙar fata ba sa narkar da madara, shi ya sa babba in ya sha ɗanya cikinsa yake ƙugi, don haka jaririnsa ma haka. Rabin maganar gaskiya ne. Bincike a Nijeriya a farkon shekarun 1970 ya nuna Fulani makiyaya suna riƙe ikon narkar da sukarin madara har girma, yayin da mafi yawan sauran ƙabilu suke rasa shi. Amma rasa shi yana zuwa ne bayan yaye, shekaru kaɗan bayan haka. Kusan kowane jariri a duniya da wannan iko ake haifarsa, kuma dole ne, domin nonon mace ya fi madarar saniya yawan wannan sukarin: kusan kashi 7 cikin 100, ita kuwa saniya ba ta kai 5 ba. Gaskiya ne zawo mai tsanani yakan goge bangon hanji na ƴan kwanaki har narkarwar ta ragu, amma ko a nan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ci gaba da shayarwa, a ƙara ma, a haɗa da ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Uwar da ta janye nono ta koma gwangwani saboda zawo ta cire wa yaron abu ɗaya da ke yaƙar ƙwayar cutar a hanjinsa, ta kuma buɗe wata sabuwar ƙofa da cutar za ta shigo.

Wannan ƙofa ita ce ruwa, kuma a ganina nan ne ainihin maganar take, ba a isoflabon ba. Gardamar da ake yi a Turai da Amurka gardama ce ta mutanen da suka riga suka gama da matsalar ruwa. Damargu ba ta gama ba. Ƙasa ce da ruwan samanta bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, rijiyoyinta masu zurfin da sai an ɗaura igiyar guga a jikin jaki ko raƙumi ya yi tafiya mai nisa kafin ta fito, kuma da damina tabkin da dabbobi ke sha shi ne mafi kusa ga gidaje da yawa. Garin madarar gwangwani, na shanu ne ko na waken suya, ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ta ce a tafasa ruwa, a dama garin tun ruwan bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a huce shi da sauri, kuma duk abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. A ɗora wannan a kan rayuwar mace a wani ƙauye na Gangara a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Jariri sabon haihuwa yana neman ci sau takwas ko fiye a kwana ɗaya, har da tsakar dare. Kowane ci yana buƙatar a hura wuta da kara ko kashin shanu, a tafasa ruwan da aka sayo ko aka jawo a jarka, a wanke kwalba da bakin robarta da sabulu a sake tafasa su. Babu firiji. Ragowar madarar da ta kwana biyu tana cin kuɗin gero, wace uwa ce za ta zubar da ita a ƙasa? Za ta rufe ta ajiye, ƙuda ya sauka a bakin robar, bayan awa huɗu ta sake ba shi.

Sai kuma lissafin gwangwanin kansa. Jaririn da ba ya shan nono yana buƙatar gari kusan kilo 20 a wata shida na farko, wato gwangwani 40 masu rabin kilo. Mutumin da ya sayi na farko da na biyu da kuɗin ragon da ya sayar, a na biyar aljihu ya fara kuka, sai a fara rage cokali ana ƙara ruwa. Madarar tana nan fara, yaron yana sha yana yin shiru na ɗan lokaci, amma yunwa ce take cinsa a hankali. Kafin a farga nonon uwar ya ƙafe saboda an daina tsotsa, hanyar komawa ta toshe. Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa daga Barazil da Pakistan da Filifin, aka buga a 2000, ya nuna jaririn da bai kai wata biyu ba kuma ba ya shan nono, haɗarin mutuwarsa daga cututtuka masu yaɗuwa ya kusan ninka na mai sha sau shida. Botswana ta ga wannan da idonta. Ƙasa ce da ta fi Nijar arziki nesa, a lokacin gwamnatinta tana raba madarar gwangwani kyauta ga mata masu ƙanjamau. A farkon 2006 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta gurɓata ruwan sha, zawo ya kashe yara fiye da 500 cikin ƴan watanni, kuma waɗanda suka fi mutuwa su ne marasa shan nono. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a 2010 aka sauya shawara, aka ce ko mai ƙanjamau a irin waɗannan ƙasashe ta shayar, tana shan maganinta.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta maraya, kuma duk wanda ya yi mata amsar gatse bai san ƙasar ba. Mata suna mutuwa wajen haihuwa a Nijar fiye da yawancin ƙasashen duniya, nisa tsakanin ruga da likita yana da hannu a ciki. Kaka ta karɓi jinjiri ɗan kwana uku, ba ta da kuɗin gwangwani, a ce mata kada ta ba shi ruwan waken suya, to me za ta ba shi? Amsar farko tana cikin al'adarmu da addininmu tun kafin a ƙera gwangwani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi, kuma Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu na shayarwa, ita ce ta halatta a nemi mai shayarwa a biya ta ladanta. Abin da yake sa wasu iyalai ja da baya sananne ne: a mazhabar Malikiyya ko tsotsa ɗaya cikin shekara biyun farko tana ƙulla ƴan'uwantaka ta haramta aure, kuma a gidajen da ake auren zumunci wannan yana rufe ƙofofin da aka daɗe ana hange. Damuwa ce ta gaske, amma maganinta shi ne a sanar da dangi da limami wa ya sha nonon wa, a rubuta in ana iyawa. Auren da za a yi bayan shekara ashirin ba ya yiwuwa da yaron da bai kai wata uku ba. Ya kamata dai a gwada jinin mai shayarwar a likita kafin ta fara. Amsa ta biyu ita ce nono yana dawowa. Macen da ta yaye, har da kakar da ba ta tsufa sosai ba, in jariri ya dinga tsotsa sau da yawa dare da rana, ruwa yakan sauko cikin kwanaki ko makonni, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara shaidun hakan tun 1998. A sashen CRENI na asibitocin gunduma, inda ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, akwai dabarar da ake yi: a manna siririn bututu a jikin nonon, ɗaya bakin a cikin kofi mai madarar magani, jariri yana tsotsa yana ƙoshi, tsotsar kuma tana tayar da nonon. In duk wannan ya gagara, sai madarar jarirai ta gwangwani, kuma wadda ake farawa da ita ta shanu ce, ba ta waken suya ba, a ba da ita da ƙaramin kofi mai sauƙin wankewa maimakon kwalba, ma'aikacin lafiya yana auna yaron a kai a kai.

Marayu dai kaɗan ne idan aka kwatanta da masu uwa a raye waɗanda aka yanke wa hukuncin cewa nono bai ishe su ba, ko nonon ba shi da kyau. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 kacal na jariran Nijar ƴan ƙasa da wata shida ne suke shan nono zalla. Sauran ana haɗa musu da ruwa, da jiƙo, da rubutu, da madarar akuya, wasu kuma a matse dakashi a zubar a ce datti ne, alhali shi ne rigakafin farko. Mai ba jariri ruwa ba mugunta ce ta sa shi ba, zafin Damargu yake gani, kuma a wurinmu hana baƙo ruwa abin kunya ne. Sai dai kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma an gwada a ƙasashe masu zafi an ga mai shan nono duk lokacin da ya nema ba ya buƙatar ƙari. Duk cokalin da ya cika masa ciki yana rage tsotsa, raguwar tsotsa tana rage nono, sai a dawo a ce ga shi nan, dama bai isa ba. Wani zai ce uwar ce ke fama da yunwa, musamman tsakanin shuka da girbi in rumbu ya yi ƙasa kuma mazan sun tafi Libiya ko Nijeriya ci-rani. Haka ne. Amma jikin mace yana ci gaba da yin nono mai kyau ko tana cikin ƙarancin abinci, daga jikinta yake ɗiba, ita ce take ramewa. Saboda haka in gida yana da kuɗin mudu ɗaya na waken suya, a yi awara a ba mai jego ta ci, a haɗa mata da kunun kanwa da furarta da ɗan hutu daga zuwa rijiya. Ta wannan hanya waken yana isa ga jariri lafiya lau.

Da zarar yaro ya cika wata shida, magana ta juya, kuma a nan nake rabuwa da masu tsoron waken suya baki ɗaya. A wannan lokaci ne tamowa take kama ƴaƴan Damargu, domin nono kaɗai ya daina isa, abin da ake ƙarawa kuwa kunun gero ne tsararo, ruwa ya fi gari yawa, cikin yaro ya cika bai sami komai ba. Wanda ya tuna 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, ya san mafi yawansu ƴan ƙasa da shekara uku ne. Garin Misola, wanda aka fara haɗawa a Fada Ngurma ta Burkina Faso a 1982 kuma ƙungiyoyin mata suke yinsa a Nijar, kashi 60 gero ne, kashi 20 waken suya, kashi 10 gyaɗa, duk an soya an niƙa. Garin da hukumar abinci ta duniya, PAM, take rabawa ƙananan yara masara ce da waken suya da garin madara da mai da sukari. Suyar tana kashe sinadarin da ke hana narkewar ɗanyen wake, haɗin da gero kuma yana cike giɓin furotin ɗin kowannensu. Yaro a wannan shekaru yana cin abubuwa da yawa yana kuma shan nono, don haka isoflabon da ke shiga jikinsa bai kai kusa da na jaririn da waken ne abincinsa kaɗai ba. Mutanen Sin da Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin waken nan, haihuwa ba ta gagare su ba. Wannan yana da muhimmanci a faɗa da babbar murya, domin a ƙasar da jita-jitar hana haihuwa ta taɓa korar mutane daga allurar shan-inna, kalma ɗaya game da sinadarin mata ta isa ta sa uba ya hana a dama wa ɗansa garin da aka ba shi a likita.

Ba kuma dole sai waken suya ba. Damargu ba ta noma shi, ruwanta bai ishe shi ba, daga kudu yake zuwa, daga Binuwai da Kaduna da Benin, kuma farashinsa yana bin naira da halin da iyaka take ciki. Abin da ƙasar take da shi farin wake ne da ake shukawa a tsakanin gero, da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da zogale, da ƙwan zabi da damina, da dabbobi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta ce yaron da ya kai wata 6 zuwa 11 kuma ba ya shan nono ana iya ba shi madarar dabba mai cikakken mai, ba lallai sai ta gwangwani ba. Ga makiyayin Tenhiya wannan labari ne mai daɗi, in dai an tafasa ta: akuyar da ke ɗaure a bayan ɗaki ta fi masa gwangwanin da zai yi tafiyar yini kafin ya samu.

Abin da ya rage aikin hukuma ne, kuma ba mai tsada ba ne. Tun 1981 duniya ta amince da ƙa'idar da ta hana tallar madarar jarirai ga jama'a da raba samfurinta kyauta ga iyaye mata, amma wannan ƙa'ida ba ta isa ga saƙon murya da ake turawa daga waya zuwa waya ba. Masu isa can su ne gidajen rediyon karkara, da ungozomomi, da wakilan lafiya na ƙauye, da limamai, da su kansu masu awara, waɗanda in aka yi musu bayani sau ɗaya za su iya hana a ɗebi ruwan tukunyarsu don jinjiri. Nijar ta yi dokar jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2006. Ciyar da jaririn da uwarsa ta rasu a kan gwiwa ya kamata ya shiga cikin wannan alkawari a aikace: duk ƙaramin asibitin CSI ya san marayun yankinsa tun daga makon suna, ya taimaka a nemo mai shayarwa a gwada ta, in ba a samu ba a tanadi gwangwani 40 ɗin nan gaba ɗaya kafin a buɗe na farko, domin fara ba da madarar da za ta yanke a wata na biyu ya fi rashin farawa haɗari. Ta waken suya kuma a ajiye ƴan gwangwanaye a babban asibitin Damagaram, a hannun likitan yara, domin jaririn da gwaji ya nuna ba shi da wata mafita.